Yadda Ƙwararre Ya Zaga Gari da Kifi

"Ni da kifi ba sai an gabatar da mu ba," in ji Ƙwararre, yana kaɗa ƙafa a kan bencin ƙofar shagona. "In na shiga kasuwa, duk kifin da ya kwana sunkuyar da kai yake yi. Kallo ɗaya zan yi wa kifi in gaya maka da wace ƙafa ya fito daga ruwa."

Na ce, "Kifi ai ba shi da ƙafa."

Ya dube ni da tausayi. "Ka ji irin abin da nake fama da shi a unguwar nan. Tela, ka tsaya a kan allurarka."

To abokina, bari in gabatar maka da mutumin, tun da kai ba kifi ba ne. Ni tela ne, shagona yana kallon ƙofar gidansa, saboda haka duk abin da ya fito daga gidan nan ni nake fara shaƙarsa. Sunansa na gaskiya ya ɓace tun tuni. Ba ya buɗe baki sai ya ce "a matsayina na ƙwararre," har yaran unguwa suka ɗauka sunansa ke nan, shi kuma ya amsa da murna. A matsayinsa na ƙwararre ya gyara mini fanka, ta koma juyawa da baya tana zuƙe 'yar iskar da ke ɗakin. A matsayinsa na ƙwararre ya yi wa maƙwabcinmu fentin ƙofa, ƙofar ta manne, sai ta taga mutumin ya fita aiki. Ayyuka kuwa ya yi su kala-kala, kuma duk inda ya je sai ya tarar masu wurin ba su san darajar ilimi ba, sai su sallame shi.

Wadda ke shan wahalar wannan duka ita ce matarsa, baiwar Allah mai haƙuri, wadda ke riƙe da gidan da ɗan kitson da take yi wa mata. Ita ce ta cire kunya ta je wurin yayanta. Yayan nata yana da babban gidan abinci kusa da kasuwar kifi, irin wanda ake zuwa takanas don cin kifi, kuma mai yi masa sayayya ya tsufa, gwiwa ta hana shi zirga-zirga. Kowa Yaya yake ce masa, har ni. Mutum ne marar yawan magana. In ya ce maka "to," sai ka koma gida ka yi ta tunanin wane irin "to" ne. Ta roƙe shi, ta yi kuka, ta ce wannan karon ita ta tsaya wa mijinta. Yaya ya ce, "Gobe ya shiga kasuwa ya zaɓo mini babban kifi guda ɗaya, ya kawo kafin rana ta yi zafi. In kifin ya yi, aikin sayayya nasa ne. In bai yi ba, kada ki sake kawo mini maganarsa."

Abin da ya jawo cika bakin da ka ji a ƙofar shagona ke nan.

Yanzu zan faɗi wata gaskiya wadda ba ta yi mini daɗin faɗa. Ƙwararre ya iya zaɓen kifi. Wallahi ya iya. A cikin duk abubuwan da ya ce ya ƙware a kansu, wannan ɗayan ne kaɗai Allah ya sa ya zama gaskiya, kuma shi ne ya kai shi ƙasa.

Da sassafe ya shiga kasuwa, hannu a baya, yana tafiya kamar an turo shi bincike. Mai jatan lande, 'yan halittun ruwan nan masu ɓawo, ya kira shi, ya ɗauki guda ya duba, ya ce kan ya fara baƙi kuma ɓawon ya saki, ya ajiye. Mai ƙaguwa ya kira shi, ya ɗaga ɗaya ya jijjiga, ya ce ba ta da nauyi kuma ƙafafunta sun daina motsi, wannan gidan haya ne mai shi ya tashi. Ya wuce masu yayyafa wa kifin jiya ruwa don ya yi sheƙi, ko gaisuwarsu bai amsa ba. Can ya tsaya gaban wata dattijuwa da ke da kifi giwan ruwa guda, tsawonsa ya kai daga yatsa zuwa kafaɗa. Ya duba idon, ya gan shi tas, a cike, yana ƙyalli. Ya ɗaga marfin nan na gefen kai, ya ga ciki ja zur. Ya danna tsokar da babban yatsa, ta dawo nan take. Ya kai hanci, babu ƙarni, sai ƙanshin ruwa.

Dattijuwar ta ce, "Ɗana, ka san kaya. Yau duk kasuwar nan babu kamarsa. Bari in zuba maka ƙanƙara a buhu, ka wuce da shi kai tsaye."

"Ƙanƙara, Mama? A rufe wannan fuskar? Ƙanƙara ai ta kifin da ake ɓoye wa laifi ce. Wannan a fili zai tafi, kowa ya gani."

"Rana fa za ta fito."

"Ta fito ita ma ta gani."

Ya rungumi kifin a ƙirji kamar jariri, ya fito. Gidan abincin Yaya yana nan tsallaken titi, har allon sunansa kana hangowa. Da ya tsallaka ya miƙa, da yau ba ni da labarin da zan ba ka. Amma da ya leƙa sai ya ga babu kowa a wurin sai mai shara. Ya tsaya ya yi tunani. Wato ya zaɓo kifin da ya fi kowane kifi a garin nan, kuma shaidarsa mai shara? Ya juya ya kama hanyar unguwa.

Shagon mai aski ya fara zuwa, don ya san nan ne ake samun mutane a zaune ba su da hanyar gudu. Ya shimfiɗe kifin a kan benci, ya ce a kashe rediyo.

"Jama'a, yau za ku koyi abin da ba a koyarwa a makaranta. Kai, zo ka danna nan."

Mutumin ya danna. Tsoka ta dawo.

"Ka gani? Kai ma zo."

Haka aka yi layi. Wanda aka yi wa rabin aski ya taso da zane a wuya ya danna. Mai askin ya danna. Mai sayar da katin waya ya danna, ya fita ya kira abokinsa, shi ma ya danna. Wani ya ce shi bai gane ba, a bari ya sake. Duk wanda ya danna kuma sai ya ɗaga marfin gefen kai ya leƙa, har marfin ya gaji ya daina rufuwa. Ana haka sai ga wani magini, babban yatsansa kamar taɓarya. Ya danna. Wurin ya lotsa, ya zauna a lotse.

Aka zuba ido ana jiran tsoka ta dawo. Ba ta dawo ba.

Mai aski ya ce, "Ƙwararre, kamar fa ta ƙi tashi."

"Ladabi ne. Ya ga babban mutum ya taɓa shi, shi ya sa ya rusuna."

Daga nan ya tuna da kantin kayan gini inda aka sallame shi kwanan baya, ya ce lallai ne manajan can ya ga abin da ya yi asara. Mai gadi ya hana shi shiga da kifi, shi kuma ya ƙi shiga babu kifi. Sai ya tsaya a bakin ƙofa, a rana, ya ɗaga kifin sama saitin tagar ofis. In hannun dama ya gaji ya mayar hagu. Ya daɗe a haka yana yi wa taga murmushin mugunta, har mai gadin ya ji tausayinsa ya ce, "Malam, manaja fa ya yi tafiya tun makon jiya."

"To wa nake gani a tagar?"

"Rigarsa ce a rataye."

"Ba komai. In ya dawo rigar ta gaya masa."

Sai kuma ya ce irin wannan rana ba ta wucewa babu hoto, don in ya kama aiki zai rataye shi a ofis. Wane ofis ne mai sayen kifi yake da shi, ni dai ban sani ba. Mai hoto ya zaunar da su gaban labule mai zanen furanni, ya kunna musu manyan fitilun nan masu zafi. Aka ɗauka yana rungume da kifin. Aka ɗauka yana nuna shi da yatsa. Aka ɗauka sun haɗa kumatu, Ƙwararre ya ce a sake, don kifin ya fi shi fitowa. Suna cikin haka mai hoto ya ɗago kai daga kyamara.

"Maigida, abokin naka idonsa ya yi fari-fari fa."

Ƙwararre ya duba. Idon da ke ƙyalli da safe ya dushe, ya fara faɗawa ciki. Gabansa ya faɗi, amma ka san irinsu, ba sa barin faɗuwar gaba ta daɗe. Ya ce hasken fitila ne ya yi masa yawa, ko mutum ne ma haka zai yi. Ya ɗauki kayansa ya nufi kantin magani.

"Maganin ido nake so, na ɗigawa."

Mai kantin yana jera kwalabe, bai juyo ba ya ce, "Kai ne ba lafiya?"

"A'a, ga shi."

Mai kantin ya juyo. Ya dubi kifin, ya dubi Ƙwararre, ya sake duban kifin. Mutum ne da ya daɗe a sana'a, ya ga abubuwa.

"Yana ƙaiƙayi?"

"Bai nuna ba."

"Yana gani dishi-dishi?"

"Alamu sun nuna haka."

Mai kantin ya miƙo kwalba. "Safe da yamma. Kuma a kiyaye, kada ruwa ya shiga idon."

Nan a bakin kanta Ƙwararre ya ɗiga wa kifin magani, ya juya shi ya ɗiga a ɗaya idon, ya ɗan jira, ya ce da sauƙi.

Rana ta take tsaka lokacin da ya iso wurina. Kafin in gan shi na ga kyanwoyi. Kyanwoyin unguwa kaf suna biye da shi a jere, wutsiya sama. Ya ce mini, "Ka ga masana. Su ba a ruɗarsu." Kafin in buɗe baki ya ɗora kifin a kan teburin yanka, a kan farin yadin wani bawan Allah wanda har yau in ya gan ni ba ya amsa gaisuwata.

Na ce, "Ba tun safe ya kamata ka kai wannan ba?"

"Yaya cewa ya yi kafin rana ta yi zafi. Ni ban ji zafi ba." Gumi kuwa yana ɗiga daga haɓarsa.

Ya fara yi mini darasin da ya yi wa mutanen shagon aski. Yana cikin bayani, babbar kyanwar, wadda ko tsohon takalmi ba ta bari, ta yi tsalle ta hau teburin ta sunsuna wutsiyar kifin. Ta ja da baya, ta yi atishawa, ta sauka ta tafi abinta. Sauran suka bi ta. Ƙudaje suka karɓi aiki.

Na ce, "Masanan naka sun tashi taro."

"Sun ga ya fi ƙarfinsu."

Ya ɗaga marfin gefen kai don ya nuna mini ja zur, sai ga ciki ya koma ruwan ƙasa, da wani yauƙi-yauƙi. Sannan ya ce in kula masa da shi, ya tsallaka gida da sauri.

Tun daga shago nake jiyo muryar matarsa. "Baban yara, ya aka yi? Me Yaya ya ce?"

"Ina jan bakinki?"

"Jan baki kuma? Ka kai kifin kuwa?"

Ya fito da jan baki a hannu ɗaya, kwalbar turarenta a ɗayan, ita kuma ta biyo shi har shagona da tsinken kitso a hannu. Ta ga abin da ke kan teburina, ta tsaya cak.

Ta ce, "Yaya ya kira ni har na rasa ƙaryar da zan yi masa. Na ce kana hanya. Na ce mota ce ta lalace. Ashe kana nan za ka yi wa kifi kwalliya."

"Maman yara, ba ki san harkar nan ba. Ɗan gyara ne kawai."

Ya ɗaga marfin ya goga jan baki ciki har ya yi jawur, ya juya ya goga a ɗaya gefen. Sannan ya feshe kifin da turare daga kai har wutsiya. Ƙarni da turare suka haɗu suka haifi wani abu na uku wanda ba shi da suna. Na fito waje da ƙafafuna don in yi numfashi.

Ita ba ta yi faɗa ba. Hawaye kawai na ga suna bin kumatunta, ko sharewa ba ta yi. Wallahi ta ba ni tausayi, har na ji haushin dariyar da nake dannewa. Ta koma gida ta ɗauko wankakkiyar riga a leda ta miƙo mini.

"Tela, don girman Allah ka raka shi. Ka tabbatar ya shiga wurin nan, kuma ya sa wannan kafin Yaya ya gan shi. Na riga na sa bakina a maganar nan, ba ni da wani bakin."

Na rufe shago na bi shi.

Muka tari motar haya. Ƙwararre ya zauna a tsakiya, kifi a cinya. Ba mu yi nisa ba aka fara buɗe tagogi. Wata mata ta duba ƙarƙashin takalminta, ta duba jaririnta, ta ga ba shi ba ne. Wani dattijo ya fara salati a hankali. Direba ya dubi madubi ya ce, "Wa ya shigo mini da gawa?"

"Gawa? Wannan shi ne kifin da ya fi kowanne a kasuwa yau."

"Yau ta wace shekara?"

Ƙwararre ya miƙa wa na kusa da shi kifin, ya ce ya danna ya gani da kansa. Mutumin ya ce a yi masa rai, yana da iyali. Direba ya taka birki aka sauke mu, har da mayar mana da kuɗin mota, abin da ban taɓa ganin direba ya yi ba.

Muka kama tafiya a ƙasa cikin rana. Kifin da ya fito kasuwa a miƙe yanzu ya langaɓe, kai ta nan, wutsiya ta can, jikinsa duk rami-rami, shaidar yatsun mutanen shagon aski. Mutane suna hango mu suna tsallaka titi. Na ce, "Ɗan'uwa, mu jefar da wannan. Mu nemi wani ko ƙarami ne, ka je ka gaya wa Yaya gaskiya, ka ba shi haƙuri."

"Ƙarami? Ni? Tela, matsalar kifin nan ɗaya ce tak. Ido an yi masa magani. Ja ya dawo. Ƙanshi ga shi kana ji. Abin da ya rage kawai, a danna tsoka ta dawo."

Sai ya tsaya. Idonsa ya sauka kan tulin tayoyi a bakin titi. Na ga fuskarsa ta yi haske, na san mun shiga uku.

Mai faci yana kwance a inuwa, hula a fuska. Ƙwararre ya ce, "Malam, iska za ka ba mu."

"Ina motar?"

Ƙwararre ya ajiye kifin a gabansa. Mai faci ya tashi zaune, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ta keke ko ta mota?"

"Ta mota. Babban kifi ne."

Aka zura tiyo ta baki. Iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Mai faci, wanda aikin ya fara ba shi sha'awa, ya ce akwai inda yake yoyo. Ya ɗauki kifin zai tsoma a bahon baƙin ruwan da yake gwada tayoyi, Ƙwararre ya yi wuf ya rufe wa kifin ido da tafin hannu, ya ce mai magani ya hana. Haka aka tsoma su tare, kifi da hannu. Mai faci ya bi kumfa ya gano wurin, ya goge, ya shafa gam, ya manna faci a ƙarƙashin ciki. Marafan gefen kai ma aka manne su duka biyu. Aka sake ba shi iska. Kifi ya fara tashi. Ramukan nan suka cike ɗaya bayan ɗaya, ciki ya yi tim, wutsiya ta miƙe, har idon da ya faɗa ya leƙo waje. Aka toshe bakin da guntun roba.

Ƙwararre ya danna. Yatsansa ya yi tsalle ya dawo.

"Tela, danna."

Na danna. Na ce, "Kamar ƙwallo."

"Ko da safe bai kai haka ba. Ka ga har girma ya ƙara."

Mai faci ya ce mu guji ƙusa da hanya mai gargada.

La'asar ta wuce lokacin da muka isa gidan abincin. Ta ƙofar baya muka shiga. Ƙwararre ya miƙa wa kuku kifin da hannu biyu ya ce, "Ka gaya wa Yaya na iso. Ka riƙe shi a hankali." Ya karɓi ledar riga daga hannuna, ya tambayi inda ma'aikata suke wanka, ya shige, don ya ce ba zai karɓi aiki da gumi a jiki ba. Ni na tsaya bakin ƙofar kicin ina neman ta inda zan fara yi wa kuku bayani. Ban samu ba. Ya ɗora kifin a katako, ya yi bisimilla, ya soka wuƙa.

Abokina, na sha jin taya ta sace, amma ban taɓa jin taya mai wari ba sai ranar. Kifin ya yi wani dogon fito, robar bakinsa ta tashi ta bugi tukunya, iskar da ta zaga cikinsa ta fito ta cika kicin. Kuku ya jefar da wuƙa ya yi waje. Masu wanke-wanke suka bi shi, ɗaya da kumfa har gwiwar hannu. Kifin kuwa ya ci gaba da sacewa a hankali, har ya koma fata da ƙashi ya manne da katako.

Yaya ya shigo da hankici a hanci. Ya daɗe yana kallon abin da ke kan katakon. Ya ɓamɓare marfin gefen kai, ya sa yatsa ya shafo jan baki, ya duba. Ya juya kifin, ya ɓamɓare facin, ya jujjuya shi, ya sa a aljihu. Sannan ya dube ni. Ni kuwa na duƙufa kallon takalmina.

Ya ce, "To."

Sai ya ce wa kuku, wanda ke leƙowa ta taga, "Wanke shi tas, ka sa a babban faranti, ka kawo gaba."

Ƙwararre ya fito fes, riga wankakkiya, ƙanshin sabulu, hancinsa da ya mutu tun rana ya farfaɗo. Ya zaɓi teburin tsakiya ya zauna, na zauna kusa da shi. Masu cin abincin yamma sun fara shigowa. Yaya ya zo suka gaisa, ya tambaye shi hanya, ya tambayi yara. Sannan ya ce, "Kafin mu zo kan maganarmu, ina son shawararka. Wani mai neman aiki ne ya kawo mana kifi yau. Ka duba mini shi."

Kuku ya ajiye farantin da hannu a miƙe, ya ja da baya. Abin da ke ciki bai yi kama da abin da Ƙwararre ya miƙa ɗazu ba. Siriri ne, shafaffe, ya yi fari fat don wanki, ido ya koma can ciki. Na yi tari. Na sake tari. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Tela, in tari kake yi ka fita waje, ana aiki." Ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya juya ga masu cin abinci. "Jama'a, ku matso, kyauta ne. Yau za ku ga yadda mugun kifi yake."

Wasu suka matso, suka koma da sauri.

"Ku dubi ido. Wannan ido ya ga duniya ya gaji. Ku dubi nan ciki, ko ɗigon ja babu. Ku ga tsoka." Ya danna, yatsan ya shige har gaɓa, ya zaro ya goge. Ya kai hanci, ya yi baya har ya ture kujera. "Subhanallahi. Yaya, wannan ba kifi ba ne, kayan tarihi ne."

"Na yarda," in ji Yaya. "Amma an ce da safe lafiyarsa ƙalau."

"To ai nan laifin ya fi girma. Wato an ba shi kaya mai kyau ya kashe shi da hannunsa. Wannan yawo aka yi da shi a rana. Wannan bai ga ƙanƙara ba tun da aka haife shi. Wanda ya yi wannan aikin ba jahili ba ne kawai, sakarai ne mai lasisi."

"Wato kada in ɗauke shi aiki."

"Aiki? Ko shara kada ka ba shi, zai lalata tsintsiyar."

"Yana da iyali," in ji Yaya a hankali. "Matarsa mutuniyar kirki ce. Ita ta roƙa masa."

Na rufe fuskata da hannu biyu.

Ƙwararre ya girgiza kai cike da tausayi. "Allah sarki. Ita ce abar tausayi. A matsayina na ƙwararre, in baiwar Allahn nan tana da ɗan'uwa namiji mai zuciya a ƙirji, yau ɗin nan ya je ya ɗauko ta, kada ta ƙara kwana a gidan wannan gaɓon." Ya ɗaga kujerarsa ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya yafuto kuku. "Yanzu a ɗauke wannan masifar, a fito da nawa, jama'a su ga bambanci."

Yaya ya sa hannu a aljihu ya zaro facin taya, ya juya kifin, ya ɗora facin a cikinsa daidai inda shatin gam yake. Ya zauna daram. Ƙwararre ya dubi facin, ya dubi kifin. Bakinsa ya buɗe, kuma tun da na san shi wannan ne karo na farko da babu abin da ya fito.

Yaya ya ɗauki makullin motarsa ya ce, "Kuku, kula mini da wurin. Ƙwararre ya ba da shawara, zan je in ɗauko ƙanwata."